Tarihin Makarantu Masu Zaman Kansu a Ƙasar Gana

A wannan karatu za mu leƙa ƙasar Gana, inda kakannin Hausawa suka riƙa zuwa fataucin goro tun kafin mulkin Turawa, inda kuma har yau ake jin Hausa a zangunan Kumasi da Tamale da Akra (tsofaffin fatake "Ankara" suke ce wa wannan birni). Abin da za mu duba shi ne tarihin makarantun ƙasar, musamman hannun da waɗanda ba gwamnati ba suka sa a cikinsa, wato kamfanonin ciniki, da 'yan mishan, da malaman zango, da 'yan ƙasa masu kishi, da kuma 'yan kasuwa na wannan zamani. Duk waɗannan akan haɗa su a kira su "masu zaman kansu", amma mai karatu zai ga cewa ba manufa ɗaya ce ta kawo su ba, kuma zamansu da hukuma ya sha canzawa.

Daga ganuwar bakin teku zuwa makarantun mishan

Makarantun boko na farko a ƙasar da Turawa suka kira Gwalkwas an buɗe su ne a cikin manyan gidajen dutse masu ganuwa da 'yan kasuwar Turai suka gina a bakin teku. Mutanen Fotugal suka fara a Elmina, sa'an nan mutanen Holan da suka ƙwace wurin a 1637, da mutanen Danmak a Osu, da Ingilishi a Cape Coast. Kamfanonin ciniki ne ke riƙe da waɗannan wurare, kuma abin da suke bukata shi ne akawu da tafinta. Yawancin ɗaliban 'ya'yan Turawan ne da matan ƙasar suka haifa musu, sai 'ya'yan wasu sarakuna da attajirai. Kada a manta, a cikin gini ɗaya ake wannan karatu ake kuma tsare bayin da za a loda a jirgi. Malamin da ya fi suna a wancan zamani shi ne Philip Quaque, ɗan Cape Coast, wanda aka kai Ingila yana yaro, aka naɗa shi limamin cocin Angilika a 1765, ya komo gida ya riƙe makaranta kusan shekara hamsin har ya mutu a 1816. Duk da haka ɗalibansa ba su taɓa yin yawa ba.

Waɗanda suka fitar da karatu daga bakin teku suka kai shi cikin gari su ne 'yan mishan. Mishan ɗin Basel, daga ƙasar Suwizalan, sun sauka a 1828. Zazzaɓi ya kashe na farkonsu, har sai da Andreas Riis ya hau tudun Akropong inda iska ta fi lafiya, daga baya kuma aka kawo Kiristoci baƙar fata daga Jamaika a 1843 don su taimaka. A 1848 suka buɗe makarantar horon malamai a Akropong. Su dai mutanen Basel sun dage a kan abu biyu: a koyar da yaro da harshen gidansu, a kuma koya masa sana'a kamar kafinta da ƙira da noma. Saboda wannan manufa ne Johann Christaller ya rubuta nahawun harshen Twi a 1875 da ƙamusinsa a 1881, littattafan da masu nazarin harsuna suke dubawa har gobe. 'Yan Metodis, da suka iso Cape Coast a 1835, sun fi karkata ga Turanci, kuma wannan ya yi wa 'yan kasuwar Fanti daɗi, domin da Turanci ake samun aiki a kanti. Su ne suka buɗe sakandare ta farko a 1876, wadda daga baya aka sani da sunan Mfantsipim, inda Kofi Annan ya yi karatu.

Lissafin shekarar 1881 ya isa ya nuna yadda al'amarin yake. Makarantu 139 ke akwai a ƙasar. 'Yan Metodis suna da 84, Basel 47, mishan ɗin Bremen 4, Katolika 1. Gwamnati tana da 3 kacal.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta da niyyar kashe kuɗi ta gina nata, saboda haka sai ta bi hanya mai arha. Dokokin ilmi na 1882 da 1887 sun tanadi cewa duk makarantar mishan da ta cika wasu sharuɗɗa, ta kuma yarda sufeto ya riƙa zuwa duba ta, za a ba ta tallafi daga baitulmali. Har zuwa farkon ƙarni na 20 yawan tallafin ya dogara ne da yawan yaran da suka ci jarrabawar sufeto, abin da ya sa malamai suka koma ɗora wa yara hadda da bulala. Daga nan makarantu suka kasu uku: na gwamnati, da masu samun tallafi, da waɗanda babu ruwan hukuma da su. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan rabo, domin yawancin gardamar da ake yi a Gana yau a kan kashi na tsakiya ake yin ta.

Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, shi ne ya fara ɗaukar ilmi a matsayin aikin hukuma da gaske. Ya gina Achimota da kuɗin gwamnati, aka buɗe ta a 1927. Amma dokarsa ta 1925, wadda ta wajabta wa malamai yin rajista, ta jawo rufe ƙananan makarantun ƙauye masu yawa bisa hujjar cewa karatunsu ba shi da inganci. Ya fi son kaɗan mai kyau. Iyaye kuwa, da kuɗin koko ya fara shiga hannunsu, so suke a ƙara musu makarantu ko da a rumfa ne.

'Yan ƙasa sun buɗe nasu

Wannan ƙishirwa ce ta sa 'yan ƙasa suka fara kafa makarantu da kansu. A 1931 wasu samari huɗu, cikinsu har da Kofi George Konuah, suka buɗe Accra Academy a unguwar Jamestown da 'yan ɗalibai ƙalilan, domin yaran da iyayensu ba za su iya biyan kuɗin Achimota ko na mishan ba. Sai bayan kusan shekara ashirin gwamnati ta fara tallafa mata. A 1948, bayan tarzomar Akra da kama shugabannin siyasa shida, ɗaliban sakandaren Cape Coast suka yi bore, aka kori da yawa daga cikinsu tare da wasu malamai. Kwame Nkrumah ya sa hannu a aljihunsa aka buɗe musu Ghana National College a watan Yuli na wannan shekara. A lura da sunan: shekara tara ke nan kafin ƙasar kanta ta ɗauke shi. A wancan lokaci buɗe makaranta mai zaman kanta wani salo ne na yi wa Bature tsaurin ido.

Da mulki ya zo hannun Nkrumah sai lissafi ya juya. Shirin gaggauta bunƙasa ilmi na 1951 ya soke kuɗin karatun firamare, ya kuma ce sabuwar firamaren da wata ƙungiyar addini za ta buɗe ba za ta sami tallafi ba sai da yardar ƙaramar hukuma. Malaman coci sun yi ƙorafi sosai. Dokar ilmi ta 1961 ta mai da karatun firamare da midil kyauta kuma tilas. Ba a ƙwace makarantun mishan kai tsaye ba. An bar wa kowace coci sashenta na kula da makarantunta, sunan makaranta da addu'o'inta suna nan, amma albashin malamai da manhaja da ɗaukar ɗalibai suka koma hannun gwamnati. Wato makaranta ta zama mai uba biyu. Dokar ba ta hana mutum buɗe makarantar kuɗi ba, sai dai ta sa shi ƙarƙashin idon minista.

Makarantar zango

Duk wannan labari na kudu ne, kuma na boko. Akwai wani tsarin ilmi da ya riga shi shiga cikin ƙasa, wanda bai taɓa cin ko anini na hukuma ba, kuma lissafin 1881 bai ko ambace shi ba. Fataken Wangarawa da na Hausawa sun kawo makarantar allo tare da kayansu. Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, gari ne na malamai. Da yaƙin basasa ya watsa ta a 1892, sai malamanta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yendi da Kumasi da Akra, kowa ya kafa makarantarsa a zaure. Mafi shahara cikinsu shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zama limamin Kete-Krachi, ya rasu a can a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausa, kuma shi ne ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich bayanai masu tsawo a kan tarihi da al'adun ƙasar Hausa. Almajiransa sun zama limamai da malamai a zanguna da yawa.

Ga wani abu da zai ba ɗalibin harshe sha'awa. A Gana kalmar "makaranta" ta shiga bakin mutanen da ba sa jin Hausa, har tana fitowa a rubutun Turanci, amma ma'anarta ta ƙuntata: makarantar Alƙur'ani da Larabci kawai take nufi. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar a makarantunta, ko da yake gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shiri da ita. Saboda haka inda Hausa ta zama harshen koyarwa a Gana shi ne gaban malam, inda ake karanta nassi da Larabci a fassara da Hausa.

Mutanen zango sun daɗe suna gudun boko, kuma suna da hujja. Kusan kowace makaranta da ke kusa da su ta coci ce, yaro kuma zai iya komowa gida da sabon suna da sabon addini. A arewacin ƙasar ma makarantun ne babu. Turawa sun taƙaita shigar 'yan mishan, sun ɗauki yankin a matsayin wurin samo lebura da soja, makarantar gwamnati ta farko a Tamale sai 1909, sakandare kuwa sai 1951. Sakamakon haka, lokacin da aka zo rabon aikin ofis bayan samun 'yancin kai a 1957, Musulmi kaɗan ne ke da takardar shaida.

Waɗanda suka fara cike wannan giɓi su ma masu zaman kansu ne. 'Yan Ahmadiyya, da suka sauka a Saltpond a 1921, sun buɗe makarantun da ke haɗa boko da addini, har suka kafa sakandare a Kumasi a 1950. Amma saboda saɓanin aƙida yawancin mutanen zango ba su kai 'ya'yansu can ba. A Tamale, Afa Ajura ya kafa Anbariyya a tsakiyar ƙarnin, makaranta mai aji da benci da allon bango maimakon zaure. Sannu a hankali wasu masu irin waɗannan makarantu suka yarda a shigo da Turanci da lissafi, aka riƙa kiransu makarantun Turanci da Larabci. A 1987 gwamnati ta kafa Sashen Ilmin Musulunci a cikin hukumar ilmi ta ƙasa, daidai da sassan da coci-coci suke da su. Yarjejeniyar ita ce: mai makaranta ya riƙe gininsa da darussan addini, gwamnati ta turo malaman boko ta biya su. Dubban yaran zango, musamman 'yan mata, ta wannan ƙofa suka shiga boko, domin uba ya fi sakin jiki idan ya san malamin da ya sani ne ke bakin ƙofa. Inda aka daɗe ana kuka shi ne albashin malaman Larabci, waɗanda sau da yawa ba sa cikin jerin ma'aikatan gwamnati na dindindin. Sai a 2024 aka sa Larabci cikin darussan jarrabawar gama ƙaramar sakandare.

Zamanin makarantun kuɗi

Daga tsakiyar shekarun 1970 tattalin arzikin Gana ya durƙushe. Abin da ake kashewa a kan ilmi ya faɗo daga sama da kashi 6 cikin ɗari na arzikin ƙasa a 1976 zuwa ƙasa da kashi 2 a 1983. Babu alli, babu littafi, albashi ba ya kai mako. Ƙwararrun malamai suka kwashe zuwa Nijeriya inda kuɗin man fetur ke gudana, kuma mutane da yawa a Kano da Kaduna da Sakkwato da suka yi makaranta a wancan lokaci suna tuna malamansu 'yan Gana, kafin korar baƙi ta 1983 ta mai da su gida.

Masu hali ba su jira gyara ba. Sun kai 'ya'yansu firamaren kuɗi, inda ake horar da yaro musamman don jarrabawar shiga sakandare. Yaron makarantar kuɗi yakan ci ta bayan shekara shida, shi kuwa na gwamnati sau da yawa sai ya ƙara shekarun midil, wani har ya cika goma. Abin lura a nan shi ne inda yaran suke dosa. Manyan sakandaren ƙasar, irin su Mfantsipim da Achimota da Wesley Girls, da kuɗin jama'a ake tafiyar da su. Ke nan mai kuɗi yana biya a ƙasa inda karatu ke da arha, don ɗansa ya sami gurbi a sama inda gwamnati ke ɗaukar nauyi mai tsada. Gyaran 1987 na zamanin Rawlings ya rage shekarun karatu kafin jami'a daga 17 zuwa 12, ya soke midil, ya sa kowa ya bi ta ƙaramar sakandare. Wannan ya toshe gajeriyar hanyar, amma bai hana yaran makarantun kuɗi cinye manyan maki ba.

Tsarin mulki na 1992 ya ɗauki alkawari biyu a lokaci ɗaya. Ya ce gwamnati ta samar da ilmin farko kyauta kuma tilas ga kowane yaro, ya kuma ce kowane mutum yana da 'yancin kafa makaranta a kowane mataki da kuɗinsa, muddin ya bi doka. A 2005 aka soke sauran 'yan kuɗaɗen da ake karɓa a firamaren gwamnati, aka maye gurbinsu da tallafin da ake ba makaranta bisa kan kowane yaro. Yara suka cika azuzuwa. Duk da haka makarantun kuɗi ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, har ya zama kafin ƙarshen shekarun 2010 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan firamare a can suke.

Kuma ba 'ya'yan attajirai kaɗai ba ne. Binciken da James Tooley, wani malamin jami'a daga Ingila, ya jagoranta a gundumar Ga da ke gefen Akra a farkon shekarun 2000 ya gano cewa kashi uku cikin huɗu na makarantun wurin masu zaman kansu ne, kuma kusan biyu cikin uku na yara a cikinsu suke, 'ya'yan masunta da 'yan tireda da direbobi. Dalili na farko mai sauƙi ne: gari yana faɗaɗa da sauri fiye da yadda hukuma ke gini, sabuwar unguwa takan yi shekaru babu makarantar gwamnati kusa. Na biyu, mai makaranta yana tsaye a kan malamansa, wanda bai zo aiki ba ba shi da albashi. Daga baya Tooley da Ken Donkoh suka kafa jerin makarantun Omega a yankin Kasoa, inda yaro ke biya kullum da safe maimakon a ƙarshen zango, tsarin da ya dace da aljihun mai cin yau da na yau. Kamfanin littattafai na Pearson ya zuba jari a ciki a 2012. Ƙungiyoyin malamai sun soki wannan ƙwarai. Sun ce yawancin masu koyarwa a irin waɗannan wurare samari ne da suka gama sakandare ba tare da horo ba, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ranar da uwa ba ta yi ciniki ba yaro yana gida. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai sakamakon jarrabawa shi kaɗai ba ya raba gardama, domin uban da ya iya biya kullum dama ya fi maƙwabcinsa hali ko kula, kuma wannan ma yana shiga cikin makin yaro.

Ta fuskar jami'a labarin gajere ne. Sai bayan kafa hukumar tantance manyan makarantu a 1993 aka buɗe ƙofa. Valley View ta 'yan cocin Adbentis ce ta fara samun cikakken izinin ba da digirinta a 2006. Patrick Awuah, tsohon ma'aikacin Microsoft, ya buɗe Ashesi a 2002 da ɗalibai 30. Wata gidauniya daga Iran ta kafa kwalejin jami'ar Musulunci a Akra a farkon shekarun 2000. Yawancinsu na ƙungiyoyin addini ne, kuma sun fi yawa a fannin kasuwanci da kwamfuta, inda ba a bukatar ɗakin gwaji mai tsada.

A watan Satumba na 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta mai da babbar sakandare kyauta, har da abinci da wurin kwana, ta kuma keɓe kashi 30 cikin ɗari na guraben manyan makarantu ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. Sakandaren kuɗi suka wayi gari babu ɗalibai, wasu suka rufe, alhali na gwamnati sun cika har sai da aka raba yara gida biyu suna zuwa bi da bi daga 2018. Masu makarantu suka yi ta cewa ga azuzuwa nan a wurinsu babu kowa. A 2025 gwamnatin John Mahama ta fara gwajin tura ɗalibai zuwa wasu daga cikinsu tana biya, wato dai tsarin tallafi na 1882 ya dawo da sabuwar riga.

Makarantu masu uba biyu kuwa har yanzu ba a gama shari'arsu ba. Coci-coci sun daɗe suna neman a mayar musu da ikon tafiyar da makarantun da suka kafa. A azumin 2021 aka hana wata ɗaliba Musulma yin azumi a Wesley Girls ta Cape Coast, bisa dokar makarantar da ta hana kowace ɗaliba azumi. Hukumar ilmi ta ba da umarni a ƙyale yara su yi, cocin Metodis ta ce ba ta yarda a yi mata katsalandan a makarantar da ta kafa tun 1836 ba. Iyayen Musulmi suka amsa cewa da harajinsu ake biyan malaman, kuma na'urar gwamnati ce ke tura yara can, ba coci ba. Majalisar zaman lafiya ta ƙasa ta shiga tsakani, daga baya kuma aka kai batun addinin ɗalibai a wannan makaranta gaban Kotun Ƙoli.